Dagmar ta Denmak: Uwar da Ta Ƙi Karɓar Gaisuwar Mutuwar 'Ya'yanta

Malam Sani:
Assalamu alaikum, jama'a. Tun makon jiya nake son kawo wannan batu, domin na gama karanta tarihin wata mata da ta tsaya mini a rai, kuma har yanzu na kasa yanke mata hukunci. Sunanta na asali Dagmar, 'yar Sarkin Denmak Kiristiyan na 9, an haife ta a Kopenhagen a watan Nuwamba na 1847, amma duniya ta fi saninta da Mariya Feodorovna, matar Sarkin Rasha Alekzanda na 3, kuma mahaifiyar Nikolas na 2, wanda a kansa sarautar gidan Romanov ta ƙare. Ta shiga Rasha a 1866 tana 'yar shekara 18, ta fita a 1919 tana da shekara 71, a cikin jirgin ruwan yaƙin Ingila. A tsakanin nan ta binne mijinta, ta binne 'ya'yanta maza biyu, ɗaya yana jariri, ɗaya kuma, Joj, tarin fuka ya ɗauke shi a 1899. Sauran mazan biyu 'yan Bolshebik, wato 'yan gurguzun da suka ƙwace mulkin Rasha, su ne suka kashe su a 1918: Mika'il a watan Yuni a wajen garin Perm, Nikolas kuwa a watan Yuli a Yekaterinburg, tare da matarsa da 'ya'yansu biyar. Ta ƙara shekara goma a duniya bayan wannan, amma ba ta taɓa amsawa a gaban kowa cewa sun mutu ba, kuma ba ta yarda a yi musu addu'ar mamata da yawunta ba. Abin da nake son mu duba shi ne, shin ruɗewa ce irin ta uwa da baƙin ciki ya fi ƙarfinta, ko kuwa dabara ce ta macen da ta shekara fiye da hamsin a fada ta san abin da kowace kalma tata take jawowa?

Malam Bashir Damagaram:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, kafin a kai ga ƙarshen rayuwarta ya kamata a san daga inda ta fito, domin mutane suna jin an ce gimbiya sai su ɗauka a cikin daula ta buɗe ido. Lokacin da aka haife ta mahaifinta ba sarki ba ne, hafsan soja ne daga wani ƙaramin reshe na gidan sarauta, kuma abin hannunsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da sauran 'ya'yan sarakunan Turai. Ita da yayarta Alekzandra ɗaki ɗaya suke kwana. Yarjejeniyar da manyan ƙasashe suka yi a Landan a 1852 ce ta share masa hanyar gadon sarauta, sannan a shekara ɗaya tak, wato 1863, komai ya juya: Alekzandra ta auri yarima mai jiran gadon Ingila, ɗan'uwansu ya zama Sarkin Girka da sunan Joj na 1, mahaifinsu kuma ya hau gadon Denmak. Shi ya sa daga baya ake yi masa laƙabi da surukin Turai. Sai dai shekarar da ta biyo baya ta zo musu da ɗaci, domin a 1864 Furushiya, ɗaya daga cikin manyan daulolin Jamusawa, da Ostiriya suka ci Denmak da yaƙi suka ƙwace yankunan Schleswig da Holstein, kuma daga nan Dagmar ta ƙulla ƙiyayyar Jamus da ba ta kwance ba har ta koma ga Mahaliccinta. A riƙe wannan, zai yi mana amfani idan an zo maganar matar ɗanta.

Wani abin kuma shi ne, ba Alekzanda aka fara ba ta ba. A 1864 da yayansa Nikolas, wanda shi ne mai jiran gado, aka yi mata baiko, kuma kowa ya shaida cewa suna son juna. Ciwon sanƙarau ya kama shi, ya rasu a birnin Nis na Faransa a watan Afrilu na 1865 yana da shekara 21, ita kuwa ta taso daga Denmak ta iske shi a gadon mutuwa. Bayan shekara ɗaya da rabi ta auri ƙaninsa.

Zainab:
Allah ya ƙara ilimi, Malam Bashir. Amma ni wannan wurin ne ya fara damuna. Yarinya ba ta gama kukan wanda take so ba, sai a ce ga ƙaninsa nan, kamar dai kujerar aka ɗaura wa auren ba mutumin ba. An kuma sa ta bar ɗarikar Kiristanci ta Luta da ta taso a ciki ta koma ɗarikar Otodoks, aka canja mata suna, aka ɗora mata harshen da ba nata ba. Ina ganin idan muna neman dalilin da ya sa ta iya rufe ido daga gaskiya a tsufanta, to daga nan ta koya, domin tun tana ƙarama aka nuna mata cewa abin da ke zuciyarta daban, abin da za ta nuna wa fada daban.

Malam Sani:
Zainab, kin faɗi wani abu mai nauyi, amma tarihin auren bai goyi bayanki gaba ɗaya ba. Gaskiya ne shi ma Alekzanda da farko hankalinsa yana kan wata baiwar Allah a fadar mahaifiyarsa, Mariya Meshcherskaya, har ya yi tunanin barin gadon sarauta saboda ita, mahaifinsa ya tsawata masa ya tura shi Kopenhagen. To amma abin da aka fara da tilas ya zama ɗaya daga cikin aure mafi kwanciyar hankali a tarihin gidan. Mahaifinsa, Alekzanda na 2, ya ajiye wata mata a fili har ta haifa masa 'ya'ya, ya kuma aure ta makonni kaɗan bayan rasuwar matarsa a 1880, shi kuwa ɗan ba a san shi da kowa ba sai Mariya. Shi ƙato ne mai ƙarfin gaske, maras son taro, ita kuwa 'yar ƙarama mai fara'a, mai son rawa da hawan doki da hira, kuma ita ce ta riƙe masa manyan birnin St. Petersburg da ba ya iya zama da su. Shi ne ya fara sa maƙerin zinariyar nan Fabergé ya ƙera mata ƙwai na ado a bikin Ista na 1885, abin da ya zama al'adar gidan.

Sai dai a tuna yadda suka hau mulki. A watan Maris na 1881 aka jefa wa Alekzanda na 2 bam a titi, aka kwaso shi zuwa fada ƙafafunsa a ragargaje, ya cika a gaban iyalinsa, har da jikansa Nikolas mai shekara 12. An ruwaito cewa Mariya ta shigo ɗakin da takalman wasan zamiya a kan ƙanƙara a hannunta, domin shirin fita wasa take yi aka kawo labarin. Daga ranar suka koma fadar Gatchina a wajen birni, cikin tsaron da ya fi kama da kurkuku. Shekara goma sha uku da ta yi tana matar sarki, duk fitar da mijinta zai yi ba ta da tabbacin zai dawo.

Barista Kabiru:
Malam Sani, ka yi mini afuwa, ina ganin muna neman mu zame zuwa tausayin da bai dace ba. Kullum idan ana ba da labarin waɗannan mutane sai a cika mu da ƙwan zinariya da takalmin ƙanƙara, a manta da waɗanda aka yi mulkin a kansu. Wannan miji nata mai kirki a cikin gida shi ne wanda ya yi watsi da shirin gyaran mulki da mahaifinsa ya amince da shi dab da mutuwarsa, ya mayar da ƙasar hannun 'yan sandan ciki. A zamaninsa aka yi ta kai wa Yahudawa farmaki a 1881 da 1882, aka kafa dokokin watan Mayu na 1882 da suka ƙara taƙaita musu wurin zama da sana'a, aka kuma kori dubbansu daga Mosko a 1891. A 1887 ministansa na ilimi ya fitar da takardar da ta ce a rage shigar 'ya'yan masu dafa abinci da masu tuƙa keken doki da masu wankau manyan makarantu. A 1891 da 1892 yunwa ta faɗa wa yankin kogin Volga ta kashe dubban ɗaruruwan talakawa, alhali a farkon lamarin ana ci gaba da fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje. A shekarar 1887 ɗin dai aka rataye wasu ɗalibai da suka shirya kashe sarkin, kuma ɗaya daga cikinsu, Alekzanda Ulyanov, yayan Lenin ne, shi Lenin ɗin da daga baya ya jagoranci 'yan Bolshebik. Ruwa ba ya tsami banza.

Ita Mariya tana ina duk wannan lokaci? Tana kan gaba a wajen rawa. Ba na cewa ita ta sa hannu a dokokin, amma mace ce mai wayo da kowa ya yarda mijinta yana jin maganarta, kuma ba mu ga inda ta sa wannan ƙarfi a kan tushen zaluncin ba. Saboda haka amsata ga tambayarka ita ce, ƙin yarda da mutuwar 'ya'yanta ci gaba ne na ƙin ganin da ta saba da shi. Wadda ta shekara hamsin ba ta ga talakan Rasha ba, ba abin mamaki ba ne ta ƙi ganin abin da talakan ya aikata da ya fusata. Uwaye nawa ne 'ya'yansu suka tafi Sibiriya ko fagen yaƙi da Japan a 1904 ba su dawo ba, ba wanda ya rubuta tarihin hawayensu?

Malam Bashir Damagaram:
Barista, abubuwan da ka lissafa duk sun faru, ba mai musu. Amma cewa ba ta ga kowa ba ya yi yawa. Ita ce ta jagoranci ƙungiyar agaji ta Red Cross a Rasha shekaru masu yawa, kuma makarantun 'yan mata da gidajen marayu da asibitoci masu ɗimbin yawa suna ƙarƙashin kulawarta. Lokacin da jirgin ƙasan sarki ya kauce daga layi a Borki a watan Oktoba na 1888, fiye da mutum 20 suka mutu, an gan ta tana yawo cikin tarkacen taragai tana ɗaure wa masu rauni ciwo. Kuma akwai wuri ɗaya da ta fito ta ja da gwamnatin ɗanta, wato batun Finlan, lokacin da aka tura gwamna Bobrikov ya rushe 'yancin da yankin yake da shi daga 1899. Ta tsaya wa mutanen Finlan, domin ta san su, tana zuwa wani ɗan gidan katako da suka gina a bakin kogi a Langinkoski, inda sarki yake kamun kifi ita kuma take shiga kicin da kanta. Za ka iya cewa ta ji tausayinsu ne don ƙaramar al'umma ce a bakin babbar daula kamar Denmak ɗinta, kuma ba zan ja da kai ba.

Barista Kabiru:
Abin da zan ce ke nan, Malam Bashir. Ɗaure ciwo daban, tambayar wanda ya ji wa mutum ciwon daban.

Zainab:
Ni kuma ina son a yi maganar matar ɗanta, domin kusan duk littafin da na gani yana wanke uwar miji ya shafa wa suruka baƙin fenti. Aliks 'yar Hesse ce a Jamus, jikar Sarauniya Biktoriya, marainiya ce da mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara 6. Mariya da mijinta ba su so auren ba tun farko, kuma kun ji abin da Malam Bashir ya faɗa game da ƙiyayyar Jamus. Yarinyar ta iso Kirimiya kwanaki kaɗan kafin ciwon ƙoda ya kashe Alekzanda na 3 a farkon Nuwamba na 1894 yana da shekara 49, ta bi gawa har St. Petersburg, aka ɗaura aure mako ɗaya bayan jana'iza. Ranar da aka zaɓa ma ranar haihuwar uwar mijin ce, 26 ga Nuwamba, domin ita ce ranar da aka samu damar sassauta makoki. Sannan ina amarya ta tare? A fadar Anichkov, gidan uwar miji, a cikin 'yan ɗakuna shida, a teburinta suke cin abinci, masu hidimarta suke yi musu aiki. Duk macen da ta taɓa tarewa a gidan uwar miji ta san abin da wannan yake nufi, ko da kuwa bangon gidan na zinariya ne.

Bai tsaya nan ba. A tsarin fadar Rasha uwar sarki tana gaban matar sarki, saboda haka a manyan bukukuwa Mariya ce take tafiya a gaba riƙe da hannun ɗanta, matarsa tana biye a baya tare da wani daga cikin dangi. Hatta kayan ado na sarauta da al'ada ta ce a miƙa wa sabuwar sarauniya, da farko ƙin bayarwa ta yi. Mace mai shekara 47, wadda duk birni yake so, ga yarinya mai shekara 22, mai kunya, wadda ba ta iya harshen ƙasar sosai ba. Da ta so, da hannu ɗaya za ta ja ta cikin mutane. Ba ta yi ba, daga baya kuma ake mamakin yadda yarinyar ta kulle kanta ta koma wa Rasputin, wani baƙauye ɗan Sibiriya da ake ganin yana warkarwa da addu'a.

Dakta Hauwa:
Zainab, ina tare da ke a rabin maganarki, amma abin da ya kai Aliks ga Rasputin ya fi zaman gidan uwar miji girma. Ta haifi 'ya'ya mata huɗu a jere daga 1895 zuwa 1901, a ƙasar da dokar gado ta fifita namiji, sannan a 1904 ta samu Aleksei, aka tarar yana da cutar rashin daskarewar jini. Cuta ce da uwa take ɗauke da ita ba tare da ta nuna a jikinta ba, ta ba ɗanta namiji, kuma ta zo ne ta zuriyar Sarauniya Biktoriya. Ɗan'uwan Aliks ɗin ma ita ta yi ajalinsa yana ƙarami. A wancan zamani babu maganin da ake da shi yanzu na ƙara wa jini sinadarin da ya rasa, don haka ɗan buguwa kaɗan a gwiwa ko cinya sai jini ya taru a ciki, gaɓa ta kumbura, yaro ya kwana yana ihu, likitoci suna tsaye ba abin da za su iya. Na taɓa zama da uwar irin wannan yaro dare guda a asibiti, kuma na ga yadda take kallon duk wanda ya shigo ɗakin kamar shi ne zai zo da mafita. To a 1912 a Spala, a ƙasar Polan, yaron ya kai bakin mutuwa, Rasputin ya aiko da saƙon cewa zai tashi, ya kuwa tashi. Bayan wannan wa zai iya raba ta da shi? Kuma an ɓoye cutar ga jama'a, shi ya sa mutane suka ga baƙauye yana shiga fada suka fassara abin yadda suka ga dama. Abin lura shi ne, matan biyu halinsu ɗaya a nan: kowace ta riƙe abin da hankali bai ɗauka ba saboda ɗanta.

Alhaji Idi:
'Ya'yana, na daɗe ina karanta ku. Zainab 'yata, batun uwar sarki ta sha gaban matar sarki ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin a Kano ma Mai Babban Ɗaki tana da darajar da babu matar sarkin da take kama ƙafarta, kuma hikimar ita ce a samu mutum ɗaya a duniya da zai iya gaya wa sarki gaskiya ba tare da tsoron a tuɓe shi ba. Abin tambaya shi ne ko Mariya ta yi wannan aiki, kuma a karatuna ta yi. Ta goyi bayan ministoci masu hankali irin su Witte da Stolypin. Firayim Minista Kokovtsov ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa a 1912 ta gaya masa cikin kuka cewa surukarta ba ta gane tana rusa gidan sarautar da kanta ba. A 1915 ta roƙi ɗanta kada ya karɓi jagorancin rundunar yaƙi da kansa ya bar mulki a hannun matarsa, bai ji ba. Da ta gaji sai ta tattara ta koma Kiyef a 1916 tana kula da asibitocin sojoji. Kuma wanda ya shirya kashe Rasputin a watan Disamba na shekarar, Yusupov, mijin jikarta ne. Saboda haka, Barista, wadda ta hango rushewar tun saura shekara biyar ba makauniya ba ce. Ta gani sarai, ɗan ne bai ji bari ba.

Malam Sani:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, kun kawo ni daidai inda nake son zuwa. Da Nikolas ya yi murabus a watan Maris na 1917, ta hau jirgin ƙasa daga Kiyef ta same shi a hedikwatar soja a Mogilev, suka yi kwanaki tare, kuma wannan ce ganawarsu ta ƙarshe. Daga nan ta wuce Kirimiya, inda wata asuba sojojin ruwa suka shigo har ɗakin kwananta suna bincike, suka kwashe wasiƙunta da Littafi Mai Tsarkin da ta zo da shi daga Denmak. Abin mamaki, wanda aka ɗora ya tsare su daga baya, wani sojan ruwa mai suna Zadorozhny, shi ne ya hana masu neman jininsu daga garin Yalta da ke kusa shiga gidan. Da Jamusawa suka mamaye yankin a 1918 suka yi mata tayin taimako, ta ƙi. Sai a watan Afrilu na 1919 ta yarda ta shiga jirgin Marlborough da ɗan yayarta, Sarkin Ingila Joj na 5, ya aiko, shi ɗin da a 1917 ya janye tayin mafakar da aka yi wa Nikolas.

Ga dalilin da ya sa nake zargin akwai siyasa a cikin shirunta. A 1924 wani ɗan'uwansu, Kirill, ya ayyana kansa Sarkin Rasha daga gudun hijira, ita kuwa ta ƙi amincewa, hujjarta ita ce babu tabbataccen labarin mutuwar 'ya'yanta da jikanta. Muddin ba ta ce sun mutu ba, gadon ba a buɗe yake ba, kuma babu wanda zai raba 'yan gudun hijirar gida biyu da sunanta. Haka kuma mai binciken nan Sokolov, wanda ya tattara shaidun kisan, ta ƙi ganinsa. Amma da wata mata ta ɓullo a Berlin tana cewa ita ce Anastasiya 'yar Nikolas, Mariya ba ta ruɗu ba ko kaɗan, 'yarta Olga ce ta je ta gan ta a 1925 ta dawo ta ce ba ita ba ce. Wadda hankalinta ya gushe da ta rungumi matar nan da hannu biyu.

Hajiya Rabi:
Malam Sani, ban cika sa baki a nan ba, amma yau zan yi, domin kuna ta auna abin da ma'aunin ilimi, ni kuwa a gidanmu na gan shi. Ƙanina ya shiga kwalekwale da 'yan kasuwa wata damina, kwalekwalen ya kife, aka tsamo wasu, shi ba a same shi ba. Maza suka yi kwana uku a bakin ruwa suka dawo, liman ya ce a yi haƙuri a karɓi gaisuwa. Innarmu ta ce duk wanda ya shigo mata da gaisuwa ya koma da abarsa. Shekara goma sha ɗaya ta yi bayan haka, kullum da magariba sai ta zuba tuwo a kwanonsa mai murfi ta ajiye a kan kabad, da safe ta ba almajiri. Rigarsa ta sallah tana cikin adakarta, duk shekara sai ta fitar ta shanya ta mayar. Mutane suna cewa ta taɓu, amma ita ce mai riƙe da adashin unguwa, ko sisi bai taɓa ɓata a hannunta ba. Da wani ya zo yana cewa an ga mai kama da shi a wata tasha, a ba shi kuɗin mota ya je ya duba, kallo ɗaya ta yi masa ta ce a ba shi ruwa ya sha ya tafi.

Wata rana ina taje mata kai, ba tare da na tambaye ta ba, ta ce mini, Rabi, kina tsammani ban sani ba ne? Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ma ban ƙara ba, kuma da magariba ta zuba tuwon kamar kullum. Saboda haka da ka ce ko ruɗewa ko dabara, ni ban ga ɗaya daga ciki ba. Uwar da ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, idan ta buɗe baki ta ce ya mutu, ji take kamar ita ce ta tura shi ramin da hannunta. Wannan Mariya ba a kawo mata ko ƙyallen rigarsu ba. Maganar Kirill da kake yi, ina ganin ta samu inda abin da zuciyarta take so ya yi daidai da abin da gidan yake bukata ne, ta riƙe.

Barista Kabiru:
Hajiya, Allah ya jiƙan Inna da ƙaninku, ya sa sun huta. Ba ni da bakin ja da abin da kuka gani da idonku, kuma na janye kalmar da na yi cewa ƙin gani ne kawai. Amma ina nan kan bakana game da sauran. Inna ba ta ci amfanin kogin da ya cinye ɗanta ba, ita kuwa Mariya daular da ta haifar da wannan fushi ita ta ciyar da ita shekara hamsin, kuma ko a gudun hijira gidanta na bakin teku a Hvidøre, wanda ita da Alekzandra suka saya tun 1906, yana jiranta, Sarkin Ingila yana aiko mata kuɗi duk shekara, akwatin lu'ulu'unta yana ɗakinta, alhali dubban 'yan ƙasarta suna tuƙa tasi a Faris ko suna wanke kwanuka a Istanbul.

Zainab:
Mama Hajiya, kun sa ni kuka. Malam Bashir, to daga baya an gano gawarwakin kuwa?

Malam Bashir Damagaram:
An gano, Zainab, amma bayan ta daɗe a ƙasa. Ta rasu a Hvidøre ranar 13 ga Oktoba, 1928, tana da shekara 80, shekara uku bayan yayarta Alekzandra, aka binne ta a babbar majami'ar Roskilde inda ake binne sarakunan Denmak. Akwatin da Barista ya ambata Landan aka kai shi aka sayar da kayan, matar Joj na 5 ma ta sayi wasu. 'Ya'yanta mata biyu, Kseniya da Olga, duka a 1960 suka rasu, ɗaya a Ingila, ɗaya a wani ɗan ɗaki a saman shago a Toronto. Ƙasusuwan Nikolas da matarsa da 'ya'ya mata uku a 1991 aka tono su a wani daji kusa da Yekaterinburg, aka tabbatar da su ta gwajin ƙwayoyin halitta, har da jinin Yarima Filip mijin Sarauniyar Ingila Elizabet ta 2 aka gwada domin dangin Aliks ne ta wajen uwa, aka binne su a St. Petersburg a watan Yuli na 1998. Na Aleksei da 'yar'uwarsa ɗaya sai a 2007 aka same su a wani rami dabam. Irin wannan gwaji ne kuma ya nuna cewa matar Berlin ba ta da alaƙa da gidan. Ita Mariya, a watan Satumba na 2006 jirgin ruwan sojan Denmak ya ɗauko akwatin gawarta ya kai Rasha, shekara 140 cif bayan zuwanta na farko, aka binne ta ranar 28 ga watan kusa da mijinta a majami'ar Bitrus da Bulus, cikin gini ɗaya da 'ya'yanta Nikolas da Joj. Mika'il ne dai har yau ana nema a dazukan Perm ba a same shi ba.